Tukunya a Gaban Kotu: Girkin Moriskawa da Abin da Ya Rage Daga Gare Shi a Sifaniya da Magrib



Gabatarwa

A shekarar 1611 Miladiyya aka buga wani littafin girke-girke a birnin Madrid, wanda Francisco Martínez Montiño, babban mai dafa abincin Sarki Filib na Uku, ya wallafa. A cikinsa akwai bayanin yadda ake murza kuskus daga garin alkama, da yadda ake turara shi. A daidai wannan lokaci kuwa jiragen ruwa suna ta kwasar mutane daga gaɓar tekun Sifaniya zuwa Arewacin Afirka bisa umurnin wannan sarki. Cikin alamomin da aka daɗe ana kafa hujja da su a gaban kotu cewa waɗannan mutane har yanzu Musulmi ne a ɓoye, akwai cin kuskus. Abincin da ake lissafa wa talaka a cikin laifuffukansa, shi ne kuku yake koya wa masu yi wa fada hidima.

Waɗannan mutane su ne ake kira Moriskawa, wato Musulmin Andalus da zuriyarsu waɗanda aka tilasta wa shiga Kiristanci bayan faɗuwar Garnaɗa a 1492 (897H). Yarjejeniyar miƙa birnin ta lamunce musu addininsu da masallatansu da alƙalansu, amma ba ta kai shekara goma ba aka warware ta. A 1499 Kadinal Cisneros ya fara yi wa jama'a baftisma ta dole a Garnaɗa, a 1502 aka ba Musulmin masarautar Kashtala zaɓi tsakanin baftisma da barin ƙasa, a 1525 zuwa 1526 hukuncin ya kai ga na Balansiya da Aragun. Daga nan babu sauran Musulmi a Sifaniya a idon doka. Sun ci gaba da zama a wannan hali har zuwa tsakanin 1609 da 1614, lokacin da aka kori kimanin mutum 300,000 daga cikinsu.

An yi rubuce-rubuce masu yawa a kan aƙidarsu da littattafansu. Wannan maƙala ta juya ne zuwa madafarsu, domin tambaya guda: mene ne ya rage na girkinsu a abincin gargajiyar yankunan da suka zauna da waɗanda suka koma? Abin da muka fahimta shi ne, abincin Musulmi yana ɗauke da abu biyu, ɗanɗano da hukunci. Sifaniya ta riƙe ɗanɗanon, ta kori hukuncin tare da masu shi.

Gadon da suka tarar

Moriskawa ba su ƙirƙiri girkinsu daga sama ba. Sun gaji ƙarni takwas na noma da dahuwa, tun shigar Musulmi tsibirin a 711 (92H). A wannan zamani ne noman shinkafa da rake da lemon tsami da alayyafon Farisa da bazinjan (wato babban gauta mai launin shunayya) ya kafu a ƙasar, ta hanyar ban-ruwa mai tsari. Harshen Sifaniyanci kansa shaida ne. Shinkafa ita ce arroz daga ar-ruzz, sukari azúcar daga as-sukkar, man girki aceite daga az-zait, za'afaran azafrán, riɗi ajonjolí daga al-juljulan, magudanar lambu kuwa acequia daga as-saƙiya. Mai karatu Bahaushe ba zai yi mamakin yadda kalmomin suka shiga da harafin ta'arifinsu a manne ba, domin haka muka karɓi alkama da albasa da alkaki da alkubus da alewa.

Littattafai biyu na ƙarni na 13 ne suka adana mana wannan girki dalla-dalla. Ɗaya ba a san mawallafinsa ba, ya fito daga zamanin Muwahhidawa. Ɗayan shi ne Fudalatul Khiwan na Ibn Razin at-Tujibi, malami kuma masanin adabi, wanda aka haifa a Mursiya a 1227. Ya bar garinsu yana saurayi bayan ya faɗa ƙarƙashin ikon Kashtala, ya zauna a Sabta, sannan Bijaya, ya rasu a Tunis a 1293 (692H). Ya tara girki fiye da 400: kuskus, da taliyar da ake kira fidawsh, da mujabbana, wato kwaɓin gari da ake cusa wa cuku a soya a ci da zuma, da nau'o'in bazinjan masu yawa. Abin lura a nan shi ne, ɗan gudun hijira ne ya rubuta shi, a ƙasar da ba tasa ba, shekara fiye da 300 kafin korar ƙarshe.

Sai dai waɗannan littattafai na gidajen masu hali ne. Moriskawan ƙarni na 16 galibinsu manoman lambu ne, da masu kiwon tsutsar alharini, da 'yan alfadarai masu safarar kaya, da masu suyar wani abu mai kama da fanke a bakin kasuwa. Hoton tukunyarsu ta yau da kullum, abin takaici, a bakin maƙiyinsu muka fi samun sa. Pedro Aznar Cardona ya buga littafi a 1612 don halatta korar da aka yi musu. Cikin abin da ya aibata su da shi har da abincinsu: ya ce mutane ne masu cin ganye da wake da adas da gero, masu son ɓaure da zabibi da zuma da madara, masu cika ciki da kankana da kokwamba da bazinjan, ba sa shan giya, ba sa kusantar alade. Da wani likita na yau zai karanta wannan jeri ba tare da sanin mai shi ba, da sai ya zaci shawara ce ake ba mai neman lafiya. Shi kuwa marubucin ƙasƙanci yake nufi.

Yadda loma ta zama shaida

Tun daga farko shugabannin coci sun gane cewa baftisma ba ta shiga madafa. Hernando de Talavera, babban limamin cocin Garnaɗa na farko, wanda aka san shi da sassauci idan aka gwada shi da Cisneros, ya yi wa sababbin Kiristocin unguwar Bayyazin wasiyya da su yi kama da sauran Kiristoci a tufafi da aski, da cin abinci a kan tebur, da dafa nama yadda ake dafa shi a gidajen Kirista. Abin da ya fara da nasiha ya koma doka. A 1511 aka fitar da umurnin sarauta da ya hana Moriskawan Garnaɗa yanka dabba da hannunsu, sai dai tsohon Kirista ya yanka musu. A 1526 wani taro da aka yi a Garnaɗa a zamanin Sarki Sharl na Biyar ya sake haramta yankan tare da harshe da tufafi, amma jama'ar suka biya kuɗi masu yawa aka jingine zartarwa har shekara 40. Da wa'adin ya cika, Filib na Biyu ya farfaɗo da hanin a 1567, aka yi tawaye a duwatsun Busharrat daga 1568 zuwa 1571, aka murƙushe shi, aka warwatsa kimanin mutum 80,000 na masarautar Garnaɗa a garuruwan Kashtala.

Kotun binciken aƙida, wadda aka kafa a 1478, tana da sanarwa da ake karantawa a coci don koya wa jama'a alamomin da za su kai ƙarar maƙwabci a kansu. Ɗalibin fiƙihu da ya duba jerin alamomin Musulunci a wannan sanarwa zai ga kamar babin yanka aka kwafo daga wani matani na Malikiyya aka juya shi ya zama takardar tuhuma. An ambaci fuskantar da dabba alƙibla, da ambaton sunan Allah, da gitta wuƙa a maƙogwaro, da barin zakaran wuya a ɓangaren kai. Wannan na ƙarshe mas'ala ce da malamanmu suka sani sarai, mas'alar mugalsama: a mashhurin mazhaba, idan zakaran wuya ya koma ɓangaren gangar jiki ba a cin dabbar. Ashe mahaucin ƙauye a Aragun, wanda wataƙila ba ya iya haɗa jimla guda ta Larabci, yana kiyaye mashhurin mazhabar Imam Malik da bakin wuƙarsa, kuma alƙalin coci ya koyi mas'alar domin ya kama shi da ita.

A cikin jerin akwai kuma ƙin cin abin da mace ta yanka. Wannan kuwa ba sharaɗi ba ne a shari'a. Hadisin baiwar da ta yanka akuya da dutse a dutsen Sal'u, aka halatta cin ta, yana nan a Muwaɗɗa da Bukhari. Muna ganin wannan alama ce ta abin da yake faruwa ga al'ummar da aka raba da malamanta: ilmi yana raguwa, tsantseni yana ƙaruwa, har abin da yake na fifiko ko na al'ada ya daskare ya zama kamar wajibi.

Ba su rasa littattafai ɗungum ba. Sun rubuta harshensu na Sifaniyanci da haruffan Larabci, suka kira shi aljamía daga al-ajamiyya, asalin kalmar da muke kiran ajaminmu da ita. Isa ibn Jabir, muftin Segovia, ya rubuta musu taƙaitaccen littafin sunna da farillai a 1462. An fassara musu Risala ta Ibn Abi Zaid al-Ƙairawani, wannan dai da ake karantawa a zaurukanmu, da Tafri'i na Ibnul Jallab. A 1884 aka gano tarin irin waɗannan rubuce-rubuce a ɓoye ƙarƙashin daɓen wani tsohon gida a ƙauyen Almonacid de la Sierra a Aragun.

Bayan yanka, sai mai. Kiristocin Kashtala da kitsen alade suke girki, kuma tukunyarsu ta alfahari ita ce wadda aka jefa wa guntun naman alade mai kitse. A zamanin da ake bin diddigin abin da suka kira tsarkin jini kafin a ba mutum muƙami, cin alade a bainar jama'a ya zama kamar takardar shaidar asali. Musulmi da Yahudawa kuwa da man zaitun suke suya, ƙamshin suyar kuma ba ya ɓoyuwa ga maƙwabci. Haka nan cin nama ranar Juma'a, ranar da Katolika suke ƙaurace masa, da zama a ƙasa a kewaye akushi guda ana cin kuskus da hannu, da ƙin karɓar abinci da rana a watan Ramadan. Maƙwabci yakan miƙa wa mutum loma da tsakar rana don kawai ya ga ko zai karɓa.

A nan ne fatawa ta shigo. Ahmad al-Wansharisi (ya rasu 914H/1508), mai Mi'iyar, ya tafi a kan wajabcin hijira daga ƙasar da kafirai suka rinjaya, bai bar ƙofa ba sai ga wanda ya gaza gaba ɗaya. Amma a 910H/1504 Ahmad ibn Abi Jumu'a al-Magrawi, wanda ake danganta shi ga Wahran, ya aika wa waɗanda suka rage da amsa ta daban. Ya gina ta a kan rangwamen wanda aka tilasta alhali zuciyarsa tana natse da imani, kamar yadda ya zo a aya ta 106 ta Suratun Nahli. Cikin abin da ya yi musu bayani har da ci da sha: idan an tilasta musu giya su sha ba da nufin jin daɗinta ba, idan an tilasta musu alade su ci suna masu ƙin sa a zuci, suna masu ƙudurce haramcinsa. An kwafi wannan fatawa, an fassara ta da ajaminsu, ta yi ta yawo a hannunsu shekaru da dama. Duk da haka bayanan kotu cike suke da mutanen da aka kama saboda sun ƙi alade. Rangwame yana hannunsu, amma ƙyamar da aka sha da nono ta fi ƙarfin rangwamen. Da yawa salla ta kuɓuce musu, Larabci ya kuɓuce, wannan guda ce ta ƙi tafiya.

Wani dattijo daga manyan Moriskawan Garnaɗa, Francisco Núñez Muley, ya rubuta wa hukuma koke a 1567 yana ƙoƙarin raba al'ada da addini. Hujjarsa ita ce tufafi da harshe da gidajen wanka da kiɗan biki al'adun yanki ne, kamar yadda kowane lardi yake da nasa, kuma Kiristocin Gabas suna magana da Larabci ba a ce sun bar addininsu ba. Wannan rarrabewa ce da masanin usulu zai gane, tsakanin ibada da al'ada. Ta fuskar kuskus da bazinjan da man zaitun, gaskiyarsa ce: babu nassi a kansu. Amma hukuma ta ƙi saurara, kuma a ganinmu ta fahimci wani abu da dattijon ya fi son kada a ambata. A gidan da aka rufe masallaci aka ƙone littafi, al'ada ce take zama rumbun da ake ɓoye ibada a ciki, kuma mata ne masu riƙe da makullinsa. Shi ya sa uwaye da kakanni mata suka yawaita a cikin waɗanda aka gurfanar kan azumi da wankan gawa da girkin suna.

Abin da ya rage a Sifaniya

Tun kafin kora, girkin ya riga ya tsallaka katanga. Littafin Ruperto de Nola, wanda aka buga da Katalanci a 1520 aka fassara shi zuwa harshen Kashtala a 1525, yana da bazinjan irin na Musulmi da kabewa irin ta Musulmi. A girkin bazinjan ɗin ya ba mai dahuwa zaɓi tsakanin kitsen alade da mai mai kyau, ya kuma faɗi dalili, cewa Musulmi ba sa cin alade. A wannan zaɓi guda ana iya ganin duk abin da zai biyo baya.

Ɗauki albóndiga, daga al-bunduƙa, wato niƙaƙƙen nama da aka cura ƙanana. Sunan yana nan, siffar tana nan, amma a yawancin gidajen Sifaniya yau da naman alade ake haɗa ta. Escabeche daga sikbaj yake, dahuwar nama da ruwan tsami da ta taso daga Farisa ta bi ta Bagadaza. Yau hanya ce ta adana kifi da naman tsuntsu. Alboronía ta Andalusiya daga buraniyya take, haɗin bazinjan da kabewa, sai dai tumatir da tattasai sun shigo cikinta daga baya. Fideos, siraran taliya, jikokin fidawsh ne. A garin Almagro na lardin La Mancha har yau ana tsuma ƙananan bazinjan a ruwan tsami da kayan yaji, kuma sunan garin ya zama tambarin da doka take karewa. Alaƙar bazinjan da Musulmi ta shahara a wancan zamani har Cervantes ya yi barkwanci da ita a kashi na biyu na Don Quixote (1615), inda Sancho ya karkatar da sunan marubucin Balarabe na labarin ya mai da shi bazinjan. A cikin wannan kashi ne kuma ya kawo Ricote, Bamoriske da ya saɗaɗo ya dawo bayan kora cikin shigar mahajjatan Kirista, a jakar ayarinsu akwai ƙasusuwan cinyar alade da salkunan giya. Marubucin ya san irin fasfo ɗin da ake nema a hanya.

Inda gadon ya fi fitowa fili shi ne kayan zaƙi, wataƙila domin zuma da lauz da riɗi ba su da abin tuhuma. A Cuenca ana yin alajú, daga al-hashwu: zuma da lauz da garin busasshen burodi, a matse tsakanin ɓawo biyu marasa kauri. A Medina Sidonia, wato Madinatu Shazuna ta da, ana yin alfajor da zuma da lauz da kirfa da kanumfari da riɗi. Mujabbana ta zama almojábana. Birnin Sharish, Jerez ta yau, ya yi suna da ita a zamanin Musulmi saboda kyan cukunsa. Abin dariya, wadda ake yi yanzu a yankin Mursiya da kudancin Alicante gari ce da ƙwai da mai da zuma, cukun da ya ba ta suna ya ɓace. A Kolombiya kuwa, can ƙetaren Atlantika, ana samun ta da cuku, amma da garin masara. Doka ta hana Moriskawa zuwa Amurka, don haka mai yiwuwa a bakin Kiristoci kalmar ta yi wannan tafiya.

Akwai kuma abin da ba a gani a faranti sai a gona. Shinkafar Balansiya ana noma ta ne a kewayen tafkin Albufera, wato al-buhaira. Masarautar Balansiya ta rasa kusan sulusin mutanenta a korar 1609, kuma masu filaye, waɗanda suke da karin magana cewa mai Musulmi a gonarsa zinariya gare shi, sun ji a jikinsu. Noman rake a Gandia da Oliva, wanda ya dogara da hannun Moriskawa kuma sukarin Brazil ya riga ya fara karya masa kasuwa, bai sake miƙewa ba. A gaɓar Garnaɗa da Malaƙa ya daure har zamaninmu: matsar sukari ta ƙarshe a Salobreña ta rufe a 2006, amma a ƙauyen Frigiliana har yanzu ana dafa ruwan rake ya yi kauri ya zama baƙar zuma, 'yar'uwar mazarƙwaila kafin ta daskare, ana zuba ta a kan soyayyen bazinjan.

A nan wajibi ne mu ja linzami. A 'yan shekarun nan sunan Andalus ya zama hajar masu yawon buɗe ido, duk abin da aka barbaɗa wa kirfa sai a ce gadon Musulmi ne, mu ma kuma mukan karɓa da gaggawa saboda yana faranta mana rai. Miyar gazpacho mai sanyi da aka sani yau da tumatir ake yin ta, tumatir kuwa daga Amurka ya zo bayan faɗuwar Garnaɗa. Dafa-dukar paella a siffarta ta yanzu ta zo ne ƙarnuka bayan kora. Shinkafar da za'afaran ne tsofaffi. Tsiren da ake kira pincho moruno, wato tsiren Magribawa, galibi na alade ne, kuma mafi rinjayen zato ya shigo ne ta cuɗanya da arewacin Maroko a zamanin baya-bayan nan. Alewar lauz ta Ɗulaiɗila da turrón na Jijona ana jayayya a kan asalinsu, domin irinsu sun bazu a duk kewayen Bahar Rum. Zaman abu a inda Musulmi suka zauna ma ba hujja ba ce. Duwatsun Busharrat, inda aka yi tawayen 1568, an kwashe mutanensu an zuba Kiristoci daga wasu larduna, kuma abin da yankin ya fi shahara da shi a yau shi ne busasshiyar cinyar alade ta ƙauyen Trevélez. Ƙa'idar da muke bi a riwaya ita ce ta dace a nan: a nemi isnadi. Idan suna ya tabbata daga Larabci, girkin ya zo a littafin ƙarni na 13, aka kuma same shi a littafi ko bayanin kotu na ƙarni na 16, to silsila ta haɗu. Abin da ya rasa wannan, sai a ce ana faɗa.

Shi kuwa kuskus, wanda muka buɗe da shi, ya gaza tsira. Duk da shigarsa littafin fada, a hankali ya fita daga girkin Sifaniya, domin shi ne abincin da sunansa ya fi manne wa mutanen da aka kora, kuma murza shi da turara shi a madambaci sana'ar hannu ce da uwa take koya wa 'ya. Da hannayen suka tafi, sai ya bi su. Abin da ya saura 'yan'uwansa ne na nesa, irin su gurullos, ƙananan taliya masu kamar ƙwayar shinkafa da ake murzawa da yatsu a Almariya da Mursiya.

Ƙetaren teku

Waɗanda suka sauka a Magrib ba duka suka sami tarba ba. Wasu an yi musu fashi a hanya bayan saukarsu kusa da Wahran, wasu an yi musu kallon Nasara saboda harshensu da shigarsu. Tunisiya ce ta fi kyautata musu. Usman Dey ya buɗe musu ƙasa, Shehu Abul Gais al-Ƙashshash ya tsaya a kan ciyar da su da matsugunansu, aka kiyasta waɗanda suka isa can da kimanin 80,000. Suka gina ko suka raya garuruwa irin su Tastur da Sulaiman da Zagwan da Ƙal'atul Andalus, suka dasa zaitun, suka ja ruwa zuwa lambuna. Tastur, wadda agogon hasumiyar babban masallacinta yake juyawa ta hagu, ta shahara har yau da rumman da cuku. Zagwan ta shahara da ka'akul warƙa, zoben gari mai laushi da aka cusa wa lauz aka ƙamsasa da ruwan furen nisri, kuma mutanen garin ga Andalusawa suke danganta shi. A Maroko, mutanen Hornachos da sauran korarru sun zauna a Ribaɗ da Sala, wasu suka tarar da 'yan'uwansu da suka riga su a Tiɗwan da Fas. A waɗannan birane ne ake yin basɗila, ɓawon gari siriri kamar takarda da aka naɗe naman tantabara da ƙwai da lauz a ciki, aka barbaɗa sukari da kirfa a kai. Sunanta daga Sifaniyanci yake.

Wannan batu na suna yana da muhimmanci. A Sifaniya, gadon Andalus yana ɗauke da sunayen Larabci. A Magrib kuwa, wani ɓangare na gadon Moriskawa yana ɗauke da sunayen Sifaniyanci, domin waɗanda suka zo a 1609, musamman na Kashtala da Aragun, da wannan harshe suke magana, sun kuma yi shekara fiye da 100 suna cin kasuwa guda da Kiristoci. Girkinsu ya riga ya zama ruwa biyu. Abin da suka samu a sabuwar ƙasa shi ne damar mayar masa da hukuncinsa a fili: mahauci ya fuskanci alƙibla ba tare da ya rufe ƙofa ba, a kunna wutar sahur ba tare da tsoron hayaƙi ya tona asiri ba.

Masana tarihi da dama suna ganin suna cikin waɗanda suka yaɗa amfanin gonar Amurka a Arewacin Afirka, kamar tumatir da barkono da masara, tun da sun san su a lambunan Sifaniya kafin su fito. Cikin waɗannan tsirrai akwai wani mai faffaɗan ganye mai kauri da ƙaya, ɗan asalin Meziko, wanda yake fitar da 'ya'ya masu zaƙi, ake kuma shinge gonaki da shi a gaɓoɓin tekun biyu. A Tunisiya ana kiran ɗansa hindi, wato na Indiya, bisa sunan da Sifaniyawa suka fara ba Amurka. A Kataloniya sunansa ɓauren Musulmi. A Maroko kuwa ana ce masa ɓauren Nasara.